Tambaya da Amsa: Ina zan ajiye famweyan suwic ɗin SAN, kuma yaushe zan taɓa shi?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo mana yawancinsu sun taru ne a kan abu guda, wato famweya na suwic ɗin SAN, shi ya sa na haɗe su waje ɗaya. Ga wanda bai san harkar ba, SAN wata hanyar sadarwa ce ta daban da ake shimfiɗawa tsakanin sabobi da manyan akwatunan ajiyar bayanai, yawanci da kebul ɗin faiba a kan tsarin Fibre Channel, suwic ɗin shi ne mahaɗar da ke tsakiya, famweya kuma ita ce manhajar da ke zaune a cikinsa tana tafiyar da shi. Yau kasuwar kusan ta kamfani biyu ce, Brocade wanda Broadcom ya saye a 2017, manhajarsa Fabric OS ko FOS a taƙaice, sai Cisco da jerin MDS 9000 masu aiki da NX-OS.

Tambaya ta farko

Salam Malam, Allah ya ƙara basira. Ni sabon shiga ne a aikin nan, an miƙa min suwic guda huɗu na Brocade in riƙa kula da su, wanda na gada a wajensa ya bar aiki kuma duk fayilolin famweyan suna cikin laftof ɗinsa ya tafi da ita, yanzu na sauke sababbi na buɗe wata ƙaramar saba a cikin VMware ɗinmu, manhajar da ke raba babbar saba zuwa ƙananan sabobi, na zuba su ciki ina ganin kamar na huta, to amma wani abokin aikina ya ce wai kuskure ne bai dai faɗa min dalili ba, dan Allah ina kuskuren yake?

Amsa

Wa alaikas salam ɗan'uwa. Ka kyauta da ka raba fayilolin da laftof ɗin mutum ɗaya, wannan matakin kam daidai ne. Amma abokin aikin naka gaskiya ya faɗa maka, bari in tambaye ka abu ɗaya, ita wannan ƙaramar sabar da ka buɗe a VMware, faifanta a ina yake zaune? In ba a yi sa'a ba yana kan akwatin ajiyar da ake isa gare shi ta waɗannan suwic huɗun da kake kula da su. To kaga ranar da SAN ɗin ta samu matsala, wadda ita ce ranar da za ka fi buƙatar famweyan da kwafin saitin, ita ma sabar ta tafi tare da su. Ka kulle ɗaki ke nan makullin yana ciki. Ni na taɓa tsayawa a kan irin wannan a wani wajen da na yi aiki, suwic ya ƙi tashi daidai bayan ɗaukewar wuta, fayil ɗin da za mu gyara shi da shi yana cikin sabar da ba za ta tashi ba sai suwic ɗin ya tashi, wallahi daren nan ban manta shi ba, muna kallon juna ga manya suna ta kira a waya.

Saboda haka ƙa'idar da nake bi ita ce ma'ajiyar famweya kada ta dogara da abin da aka ajiye ta domin ceto shi. Ka samu wata ƙaramar kwamfuta ta zahiri mai faifanta na kanta, ba sai mai tsada ba, ka sa mata Linux, ka jona ta a layin gudanarwa, domin suwic ba ta kebul ɗin faiba yake jan famweya ba, ta ƙofar Ethernet ta gudanarwa yake ja. Ka tabbata shiga wannan kwamfutar bai rataya a kan wata sabar tantance sunaye da ita ma ke kan SAN ba, a samu asusu guda na cikin gida wanda zai yi aiki ko komai ya mutu, kuma ka rubuta adireshin IP ɗinta a takarda, saboda ranar rikici DNS, mai fassara sunan kwamfuta zuwa adireshinta, shi ma yana iya kwantawa. Sannan kwafi na biyu a wani gini ko wani ɗakin sabobi na daban, na uku a filash da aka kulle a durowa. In kana so ka bar ta VMware ɗin a matsayin ta amfanin yau da kullum babu laifi, amma kada ta zama ita kaɗai.

Sai yadda suwic zai ɗauki fayil ɗin. FOS yana karɓar FTP da SCP da SFTP da kuma filash. Ni dai ina roƙonka ka rabu da FTP, domin sunan shiga da kalmar sirri tsirara suke tafiya a kan waya, duk wanda ya saurari layin ya gani. Yi amfani da SCP ko SFTP, ka buɗe asusu na musamman wanda karatu kawai zai iya a foldar famweya, ba ya iya gogewa ba ya iya canzawa. Wani abu da ke ba sababbi wahala, in ka sake gina sabar ma'ajiyar da adireshi ɗaya makullin SSH ɗinta, wato shaidar da suwic ke gane ta da ita, ya canza, suwic zai ƙi yarda da ita yana ganin baƙuwa ce, sai ka goge tsohon makullin da umarnin sshutil delknownhost kafin ya saurare ka. Batun filash kuma, tsofaffin suwic ɗin Brocade ba kowane filash suke karɓa ba sai mai tambarin kamfanin, to ka gwada naka tun ana zaman lafiya, ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsarin folda kuma kar ka raina shi. Kamfani, sai samfurin na'ura, sai lambar siga, a cikin kowace siga ka ajiye ainihin dunƙulen fayil ɗin yadda ka sauke shi ba a kwance ba, da kwafin da aka kwance wanda suwic zai ja, da takardar bayanin sigar, da lambar tantancewarsa, da ɗan rubutu na waye ya sauke, yaushe, daga ina. Kar ka canza wa fayil suna wai don ya yi maka daɗin karantawa, sunan da kamfani ya ba shi akwai bayani a ciki. Daga FOS 9 ma Broadcom ya fara raba fayilolin gwargwadon samfurin na'ura, ba dunƙule ɗaya na kowa da kowa ba kamar da, to in kana da samfuri biyu fayil biyu za ka sauke na siga ɗaya.

Tambaya ta biyu

Malam barka da aiki. Ni tambayata a kan lambar nan ce da ake sawa kusa da fayil a shafin saukewa, MD5 ko SHA512, shin dole ne sai na duba ta? Tunda dai daga shafin kamfanin na sauke ai ina ga babu matsala.

Amsa

Dole ne 'yar'uwa, kuma ba sau ɗaya ba. Fayil na iya yankewa a hanya intanet ta tsinke ba ki lura ba, yana iya lalacewa wajen kwafa daga kwamfutarki zuwa saba, musamman in an tura ta FTP a yanayin rubutu maimakon yanayin binary, har wajen kwancewa ma, akwai manhajojin Windows da ke da wani zaɓi na gyara ƙarshen layi a cikin fayilolin tar, wannan gyaran kaɗai ya isa ya ɓata famweya. Shi ya sa na fi son a kwance dunƙulen a kan ita sabar Linux ɗin da umarnin tar. Ki duba lambar bayan saukewa, ki sake dubawa bayan ya isa ma'ajiya. A Linux md5sum ko sha512sum, a Windows certutil ko Get-FileHash. In Cisco ne kina da damar dubawa a cikin suwic ɗin kansa bayan kin kwafa zuwa bootflash, wato ma'ajiyar cikinsa, da umarnin show file tare da md5sum. Aikin minti biyu ne. In kamfani ya ba da duka biyun ki ɗauki SHA512, domin MD5 ya tsufa, yana kama lalacewar hanya amma ba a dogara da shi wajen kama wanda ya sauya fayil da gangan.

Tambaya ta uku

Ranka ya daɗe, mu suwic ɗinmu tambarin Dell ne a jiki amma in na shiga ciki sai in ga Fabric OS, wani ya turo min famweya sabuwa fil a wani guruf ya ce duk ɗaya ne in ɗora kawai, kuma kwantiraginmu na tallafi ya ƙare bara shi ya sa na kasa saukewa da kaina. In ɗora?

Amsa

Kar ka ɗora ɗan'uwa, dan Allah kar ka ɗora. Gaskiya ne suwic ɗin na Brocade ne aka manna masa tambari, Dell na sayar da su da sunan Connectrix B-Series, HPE na ce musu B-series, IBM kuma b-type, cikinsu duk FOS ne. Amma abu biyu ne a nan. Na farko fayil ɗin da ba ka san hannun da ya bi ba, za ka ɗora shi a kan na'urar da duk bayanan ma'aikatarku ke ratsawa ta cikinta, ba ka da lambar tantancewa daga tushe da za ka gwada shi da ita, wannan kasada ce da ba ta da riba. Na biyu, sabuwa fil ba ita ce daidai ba. Kowane mai sayar da akwatin ajiya yana da jadawalinsa na abin da ya gwada ya amince da shi, Dell na da E-Lab Navigator, HPE na da SPOCK, IBM na da SSIC, NetApp na da IMT, a nan za ka ga wace sigar suwic ce ta dace da akwatinka da katin HBA na sabobinka, wanda ke jona su da SAN, da direbansa. Shi kansa Brocade yana fitar da jerin da yake kira Target Path, sigogin da suka daɗe a hannun jama'a aka ga lafiyarsu, Cisco ma na da nasa jerin sigogin da yake ba da shawara a kansu. Daga can ake zaɓa.

Maganar kwantiragi kuwa ita ce ta fi damuna a saƙonka. Broadcom ya ɗaure saukar da FOS da samun tallafi mai rai, ana duba lambar siriyal ta na'urarka, kuma a sababbin sigogin FOS 9 akwai na'urorin da sai da wata takardar shaida da ake kira TruFOS kafin su yarda a ɗaga su. Ma'ana ko fayil ɗin na hannunka yana iya ƙin hawa. Ka kai maganar gaban shugabanninka a rubuce, ka nuna musu cewa suwic ɗin da ba shi da tallafi ba shi da gyaran ramukan tsaro. Darasin da ke ciki ga sauran masu karatu shi ne tun kwantiraginku na da rai ku sauke duk abin da kuke da haƙƙinsa ku adana, sigar da kuke kai yanzu da wadda za ku koma, ajiya maganin wata rana.

Tambaya ta huɗu

Malam ma'ajiyarmu ta cika da tsofaffin sigogi tun na shekarun baya, zan iya share su in bar ta ƙarshe kawai?

Amsa

Ka share wasu amma ba duka ba. Ka bar wadda ke kan na'urorinka yanzu, da wadda ta gabace ta saboda komawa baya, da duk matakalar da ke tsakanin inda kake da inda za ka, domin ba a tsallake manyan sigogi in ana son aiki kada ya tsaya, misali wanda ke kan 8.1 sai ya taka 8.2 kafin ya shiga 9.0. Ka kuma tuna da suwic ɗin ko-ta-kwana da ke kwance a sito, da wanda kamfani zai aiko maka in naka ya mutu, sau da yawa da wata siga daban yake zuwa sai ka daidaita shi da 'yan'uwansa. In kana da tsofaffi masu gudun 16G irin su 6505 da 6510, su a layin 9.0 suka tsaya ba sa hawa FOS 9.1, to fayilolinsu ka riƙe su da kyau har ranar da za a cire na'urar daga rak. Sauran waɗanda babu na'urar da ke buƙatarsu ka kwashe su zuwa wani faifan ajiya na nesa. A Cisco kuma ka riƙa leƙa bootflash da umarnin dir, wuri kaɗan ne, kuma MDS fayil biyu yake so na kowace siga, kickstart da system, lambarsu dole ta zo ɗaya, kar ka goge ɗaya ka bar ɗaya.

Tambaya ta biyar

Salamu alaikum Malam. Shekara huɗu ke nan ba mu taɓa famweyan suwic ɗinmu ba saboda ogana ya ce abin da ke aiki ba a taɓa shi, ni kuma tsoro nake ji ta ɓangare biyu, in mun bari akwai ramukan tsaro in mun taɓa kuma kar komai ya tsaya a ce ni ne, kuma takardar kamfani ta ce wai ana yi ba tare da aiki ya katse ba, to in haka ne me zai hana in yi duka a dare ɗaya in huta?

Amsa

Wa alaikumus salam. Na fahimci tsoron nan ƙwarai, kuma ogan naka ba don mugunta ya faɗa ba, SAN waje ne da kuskure ɗaya ke kwantar da ma'aikata gaba ɗaya. Sai dai barin na shekara huɗu shi ma yana da farashi, kullum tazarar da ke tsakaninku da sigar da ake tallafawa ƙaruwa take, aikin da da mataki ɗaya ne ya koma uku, kuma ranar da kuka kira masu tallafi da matsala abu na farko da za su ce shi ne ku ɗaga siga tukuna. Ni a ganina ko sau ɗaya a shekara a zauna a duba, in akwai sanarwar tsaro mai zafi kuma ba a jira shekara.

Amma duka a dare ɗaya, a'a. Dalilin da ya sa ake gina SAN da fabrik biyu, wato rukunin suwic biyu, A da B, waɗanda ba su haɗu da juna ba, kowace saba na da hanya ta nan da ta can, shi ne in ɗaya ta faɗi ɗayar ta riƙe. In ka taɓa su tare ka rushe wannan kariyar da hannunka. Ka yi A, ka bar ta ta kwana biyu ko mako tana aiki kana kallon kurakuran ƙofofi da log, in lafiya sai ka yi B. Akwai matsalolin da ba sa fitowa a awa ɗaya sai an yi kwanaki ana lodi. Kuma kafin ka taɓa A ɗin ma ka bi sabobin ɗaya bayan ɗaya ka tabbata kowacce tana ganin hanyoyinta biyu da gaske, domin abin da ya fi kayar da mutane ba famweyan ba ne, wata saba ce da hanyarta ta B ta mutu wata shida da suka wuce ba wanda ya lura, tana tafiya da ƙafa ɗaya, kana sake kunna A sai ta faɗi.

Ga yadda abin ke gudana a ciki don tsoron ya ragu. Suwic ɗin Brocade na da ɓangare biyu a ma'ajiyarsa, na farko da na biyu, in ka buga firmwareshow za ka ga sigar kowanne. Umarnin firmwaredownload na zuba sabuwar a ɓangare na biyu, ya juya su, ya sake tayar da manhajar alhali ƙofofin na ci gaba da wuce da bayanai, in komai ya tashi lafiya sai ya kwafe sabuwar a kan ɗayan ɓangaren su zama iri ɗaya. Akwai zaɓin -s da ke ba ka damar hana wannan kwafewar ta ƙarshe, ka gwada sabuwar, in ta yi maka ka buga firmwarecommit, in ba ta yi ba firmwarerestore ya mayar da kai, amma ka sani wannan hanyar tana sake kunna suwic ɗin gaba ɗaya, aiki zai katse a wannan fabrik ɗin. Manyan da ake kira darakta su kuma ƙwaƙwalwa biyu gare su, ana fara ɗaga wadda ke jiran aiki, a miƙa mata ragama, sannan a ɗaga ɗayar, shi ya sa dole ka buga hashow ka ga sun daidaita da juna kafin ka fara. A Cisco kafin install all akwai show install all impact, zai faɗa maka ƙarara ko aikin zai katse ko ba zai katse ba, ka karanta amsar da idonka kar ka wuce ta.

Kafin ka fara ka ɗauki configupload ka tura saitin zuwa ma'ajiya, ka ɗauki supportsave, ka kwafe jerin lasisi, ka adana abin da switchshow da fabricshow suka nuna domin ka gwada da na bayan aiki, ƙofa nawa ke sama kafin, ƙofa nawa bayan. A Cisco ka yi copy running-config startup-config sannan ka fitar da kwafi waje. Waɗannan fayilolin na saiti ka ba su folda daban mai tsaro fiye da ta famweya, saboda taswirar gidanku ce gaba ɗaya, zonin, wato tsarin wace na'ura ke ganin wace, da lambobin WWN da ake gane kowace na'ura da su, da adireshi duk suna ciki. Ka hana kowa taɓa zonin ko jona sabon kebul yayin aikin, ka tabbata wutar suwic ɗin biyu suna kan layi daban-daban da UPS mai lafiya, ka ajiye kebul ɗin konsol a kusa da kai ko a hannun wanda ke tsaye a ɗakin, domin in layin gudanarwa ya yanke ta nan kaɗai za ka ga abin da ke faruwa. In ka ga kamar ya tsaya kar ka cire wuta, buga firmwaredownloadstatus ka jira, abin na ɗaukar mintuna masu ɗan yawa kuma zaman SSH ɗinka zai yanke a tsakiya, wannan ba alamar lalacewa ba ce.

Takardar bayanin siga kuma a karanta ta, na san doguwa ce, amma a ciki ne ake faɗin daga wace siga ake iya tahowa kai tsaye, wace na'ura aka daina tallafawa, wane tsohon fasali ne sai ka kashe shi kafin a bari ka wuce, da wace siga ce za ta iya zama da wace a fabrik ɗaya. In kuna da SANnav na Brocade ko NDFC na Cisco wanda a da ake kira DCNM, suna da nasu ma'ajiyar famweya kuma suna sauƙaƙa aiki in suwic ɗin na da yawa, sai dai su ake fara ɗagawa kafin suwic domin tsohuwar manhajar gudanarwa ba lallai ta gane sabuwar famweya ba, kuma su ma yawanci a cikin VMware suke zaune, to ka koma ka karanta amsar da na ba mai tambaya ta farko.

Shi kuma oga kada ka je masa da baki kawai. Rubuta masa shafi ɗaya, ga sigar da muke kai, ga wadda mai akwatin ajiyarmu ya amince da ita, ga matakalar da za mu bi, ga daren A ga daren B, ga yadda za mu koma baya in abu ya ƙi, ga wanda zai tsaya a ɗakin sabobi. In akwai suwic ɗin da ba a amfani da shi ku fara gwadawa a kansa yana kallo. In ya sa hannu, ka turo mana samfurin suwic ɗin da sigar da firmwareshow ya nuna maka, sai mu duba matakalar tare a fitowa ta gaba in sha Allah.